Tambayoyinku: Ya zo na huɗu a aji amma ya kasa karanta saƙon waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Mabera nan cikin Sakkwato. Yarona shina aji biyu na ƙaramar sakandaren gwamnati, zangon da ya wuce da anka ba su sakamako yaz zo na huɗu, kuma sun haura tamanin a ajin. Munka yi ta murna har babanshi ya sai mai takalmi. To ran nan anka turo saƙon banki a wayata da Turanci nac ce shi karanta mani, wallahi sai inda-inda shi kai, layi guda ya gagare shi. Maƙwabciyata ta ce an cika makarantar da yaran ƙauye da 'yan gudun hijira su ka jan aji baya, wai in maida shi ta kuɗi, mu kuwa ba hali. Mi kika gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. Kin kyauta da kika gwada shi da kanki, iyaye da yawa fozishon kawai suke dubawa su ninke takardar su ajiye.

Na huɗun nan abin da yake nufi shi ne ya fi sauran 'yan ajin maki, shi ke nan. Makin kuma haɗa shi ake yi, akwai CA wato tes da asamen da duba littafin rubutu, sannan jarrabawar ƙarshen zango, wadda galibinta zaɓi ne tsakanin A, B, C, D. Yaranmu kuma masha Allah akwai hadda, islamiyya ta horar da su, sai yaro ya kwafe abin da ke kan allo tsaf da rubutu mai kyau ya haddace shi ya zuba ranar jarrabawa, amma ki ɗauko jimlar da bai taɓa gani ba ki ajiye masa sai ya tsaya cak. Tsarin ilimin ƙasa ya ce aji kada ya wuce yara 40 ga malami ɗaya, to wanda aka ba tamanin da wani abu a aji A, ga B ga C suna jiransa, yaushe zai tsayar da kowa ya ji karatunsa?

Maganar maƙwabciyarki kuwa, gaskiya ne ajin gauraye yake. Za ki tarar da ɗan shekara 11 benci ɗaya da ɗan 17 wanda ya fara gemu saboda sai da ya yi allo tukuna, ga yaran da iyayensu suka baro yankin Isa da Sabon Birni da Goronyo saboda 'yan bindiga har karatu ya yanke musu shekara ɗaya ko biyu, ga wanda Fulatanci ko Zabarmanci ake yi a gidansu, ga 'ya'yan Yarabawa da Ibo 'yan kasuwa. Dama haka aka tsara ta. A nan Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, wato ilimin tushe ga kowa, a 1999, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, don haka makarantar gwamnati ba ta da ikon zaɓen wanda take so. Amma a ɗora wa waɗannan bayin Allah laifin rashin karatun ɗanki, ban yarda ba ko kaɗan, kuma raina yana ɓaci in na ji ana faɗa, yaran da suka baro gonarsu da dare ba su da abin da suka tare wa kowa. Haɗa baƙi a firamare ake koyonsa, aji ɗaya zuwa uku. Da giɓinsa ya shigo sakandare, ana ta tura shi gaba don ba a cika maimaita wa yaro aji ba yanzu.

Ki fara gwada shi da Hausar boko. In ya karanta Hausa sumul, matsalarsa ƙarancin kalmomin Turanci ne kuma wannan mai sauƙi ne. In Hausar ma ta gagara to sai an koma tushe, a nemo littafin Turanci na firamare uku, ba kunya, ya riƙa karantawa da ƙarfi minti 20 kullum bayan isha'i, wani na saurare yana gyara masa, ko yayansa ko wani ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke unguwarku, kuɗin lesin ɗin bai kai na makarantar kuɗi ba. Sannan ku je ke ko babansa ku ga fom masta, ku roƙi a nuna muku takardar amsarsa ta Turanci da Lissafi ku ga wurin da ya yi rubutu da kansa, kuma a dawo da shi bencin gaba. Makarantun kuɗi akwai masu kyau, akwai kuma na cikin lungu da malamansu jiya-jiya suka gama sakandare. Yana da sauran shekara ɗaya da wani abu kafin jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku, lokacin ya isa in an fara yanzu.

TAMBAYA: Malama ɗiyata shekararta 15 tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ta ce ta bar zuwa don ta girme kowa ana yi mata dariya. Wani uba daga Boɗinga.

AMSA: Malam don Allah kar a bari ta zauna. 'Yan mata dama a tsakanin aji ɗaya da uku suke zubewa, talla ta ɗauki wasu aure ya ɗauki wasu, kuma wadda ta yi zango guda a gida da wuya ta koma. Ka je da kanka wurin firinsifal, akwai sa'o'inta a makarantar tabbas, a haɗa su aji ɗaya su zauna tare, masu tsokanar kuma a ja musu kunne gaban malami. In tana da ƙoƙari ka tambaya ko za su gwada ta su ga in za ta iya aji biyu.