Tocilar gona: kada lambar kwali ta ruɗe ka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman rani a gefen Daura, kuma ban ruwa da daddare nake yi. Fitilar waya ba ta kai ko'ina, tociloli kuwa in na saya ba sa kai ƙarshen tumatir. Na ga wata mai jikin ƙarfe, irin ta sojoji, an rubuta ƙarfin haskenta lumen 100,000 a kwalinta. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, mayar wa mai shago da kayansa. Ƙwan lantarki na LED mai wat 9 da ke ɗakinka kusan lumen 800 yake bayarwa, to ta yaya batir ɗaya tal zai ba da hasken irinsa sama da ɗari? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Lumen 500 zuwa 1,000 na gaskiya sun ishe ka. Shi ma hasken ƙololuwar ba ya daɗewa: bayan 'yan mintuna kai ya ɗau zafi, tocilar da kanta ta rage shi. Abin da za ka duba shi ne awa nawa take yi a matsakaicin haske, don da shi za ka kwana kana bin kwami-kwamin gona, kana duba ƙafarka saboda kububuwa.

Batir shi ne ran tocila. Nemi wadda ake kwance gindinta a zaro batirin caji mai lamba 18650. Na ƙwarai, irin na Samsung, LG ko Panasonic, ba ya wuce kimanin mAh 3,500 (ma'aunin cajin da batir ke ɗauka), nauyinsa kusan giram 45 zuwa 50. In ka ga an buga 9,900, ka ɗauka ka ji shi shafal a tafin hannu, jabu ne. Sayi biyu, amma na ajiyar kada ya kwana a aljihu tare da makulli, gobara yake tayarwa.

Sai ruwa da ƙura. Lambar IPX7 a jikin tocila na nufin za ta jure zurfin mita ɗaya har minti 30, amma harafin X ɗin ya nuna ba a gwada ta da ƙura ba, ga shi hunturun Daura ba ya wasa. IP68, wadda aka gwada da ruwa da ƙura, ta fi. Kwance ta a gaban mai shago, ka ga zoben robar nan baƙi a bakin inda ake murɗa ta; in babu, ka wuce. Mai kan da ake ja gaba da baya kuwa, duk ja sai ta shaƙi ƙura.

Haƙoran da ke bakinta da hasken nan mai ƙyafƙyaf, kwalliya ce a wurinka. Maɓallin gindi dai yana da amfani, babban yatsa ke samunsa cikin duhu ba lalube. Kuma in kuɗi sun ragu, ƙara da ta ɗaurawa a goshi, don ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi hannu biyu za ka buƙata.