Ina zan sami taron masu daina shan giya ba tare da asirina ya tonu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni magidanci ne a Maradi, shekaruna 41. Na kai shekara tara ina shan giya a ɓoye. Duk azumi nakan bari har da rantsuwa, amma kafin Babbar Salla na koma. Yanzu kuwa idan na wayi gari ban sha ba, hannuwana rawa suke yi. Na ji an ce akwai taron da mashaya ke yi don taimakon juna. Yaya zan same shi ba tare da gari ya ɗauka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. Rawar hannun nan ita ce abin fara dubawa, domin alama ce ta cewa jiki ya saba da giya, kuma mai wannan hali bai kamata ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba. Karkarwa da gumi da tashin zuciya sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, daga kwana na farko zuwa na uku kuwa wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya, ko su ruɗe su riƙa gane-gane har iyali su ɗauka iskoki ne, alhali ciwo ne da ke iya kisa. Ka je ƙaramin asibiti, wato CSI, ko babban asibitin jiha, wato CHR, ka faɗa wa likita yawan abin da kake sha ba tare da ragi ba. Akwai magani irin su diazepam da bitamin B1 da ake bayarwa a ƙarƙashin kulawa, kuma rufa asirin majinyaci wajibi ne a aikinmu.

Taron da ka ji labari ya samo asali ne a 1935 a garin Akron na Amurka, inda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa idan suna zantawa da juna kwaɗayin kwalba yana lafawa. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ko AA a taƙaice. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, shi ne niyyar daina sha. Ba a rubuta suna, ba a biyan kuɗin shiga. Mutane kan zauna a zagaye, kowa ya ambaci sunansa na farko kawai, ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ba mai katse shi, ba mai yi masa faɗa, kuma baƙo na da ikon yin shiru har a tashi. Alkawarin da ake ɗauka na yau ne kaɗai, ba rantsuwar har abada irin wadda ta sha karye maka ba. A ganina ba wa'azi ka rasa ba, tun da ka san hukuncin giya sarai. Abin da ka rasa shi ne mutumin da za ka kira da ƙarfe goma na dare idan ƙafa ta fara jan ka mashaya, wanda shi ma ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan. Wani babban bita da cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar a 2020 ya nuna cewa wannan hanya ba ta gaza sauran hanyoyin jinya ba wajen dawwama a kan barin sha.

Wajen nema, ka fara tambayar ma'aikatan sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ko akwai majinyatan da ke haɗuwa. Idan kana jin Faransanci, ka rubuta Alcooliques anonymes a intanet, za ka tarar da tarurruka ta Zoom, inda za ka iya rufe kyamara ka shiga da laƙabi. Mai jin Ingilishi kuma yana da Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 bisa tsari makamancin wannan. Ka zaɓi taron da aka ce rufaffe ne, domin shi na masu matsalar ne kaɗai.

Akwai kuma hanyar da na fi so ga mutumin Maradi. A ƙa'idar AA, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don daina sha sun isa taro. Mun san zaman fada, da tabarma da butar shayi a kan gawayi, saboda haka ba wanda zai yi mamakin ganin magidanta uku zaune bayan isha'i. Likita na iya haɗa ka da wasu idan kowa ya amince. Sai dai a nisanci tsofaffin abokan sha da ba su da niyyar bari, a sa zaman daidai lokacin da aka saba fita, kuma abin da aka faɗa a kan tabarmar ya tsaya a nan.

Kada ka yanke hukunci sai ka halarta kamar sau shida, kuma ko ka zame ka sha, ka je zama na gaba ka faɗa. Tun da tsakanin salloli biyu ne kake komawa, kwana kusan 70 ke nan, a wannan tsakanin ka mayar da zaman sau biyu ko uku a mako.