Amsa kan ɗaukar wadirob a cikin wagon

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na saurari tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka ba ka, wasu na cewa zai shiga wasu na cewa ba zai shiga ba, alhali babu ko mutum ɗaya da ya tambaye ka awon bakin but ɗin motar. Ka ce wadirob ne mai tsawon mita 2, faɗinsa mita 1, kaurinsa santimita 60, kana so ka san ko zai shiga wagon ɗinka idan ka kwantar da kujerun baya. A fahimtata, abin da kake nema shi ne a ce maka ba sai ka kwance shi ba, kuma ba sai ka ɗauko a-kori-kura ba, don haka a kan wannan zan ba ka amsa.

Kowa tsawo yake kallo, amma sau da yawa a bakin ƙofa kaya ke cijewa tun kafin a zo maganar tsawo. Ka ɗauki tef ka auna bakin but ɗin a ƙasa, ka sake auna shi a sama, domin bakin wagon yana tsukewa ne yayin da yake hawa, kusurwoyinsa na sama kuma a lanƙwashe suke. Daga nan ka leƙa ciki ka auna tsakanin tudun tayoyin baya guda biyu, wanda a yawancin waɗannan motoci bai fi mita ɗaya da 'yan santimita kaɗan ba. Wadirob ɗinka faɗinsa mita 1 ne cif, ka ga ke nan ko ya wuce da ƙyar yana gugar robar gefe, ko kuma ya hau kan tudun tayar ya karkace, kuma da zarar ya karkace kusurwarsa ta sama za ta tokari rufi.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne gilashin ƙofar but. Mutum zai shimfiɗa tef a ƙasa, daga bayan kujerar gaba zuwa bakin but, ya ga santimita 190 ko ma mita 2 a manyan wagon, sai ya ce shi ke nan an gama. Wannan awon na katako ne shafal ko na katifa marar kauri. Ƙofar but ba a tsaye take kamar bango ba, daga tsakiyarta zuwa sama ta kwanto ne zuwa cikin mota, kujerun gaba su ma sun jingino baya, saboda haka filin yana raguwa ta gaba da ta baya yayin da kake ɗagowa daga ƙasa. Kai da kayanka ke da kaurin santimita 60, awon da ya shafe ka shi ne wanda ke santimita 60 sama da ƙasan but. Ka shiga motar, wani ya rufe ƙofar, ka riƙe tef ɗin a wannan tsayin ka ga abin da ya rage. Za ka tarar an cinye maka tazara mai yawa, kuma wurin da kusurwar wadirob ɗin za ta fara taɓawa shi ne gilashin kansa. Gilashin baya irin wanda ke tarwatsewa ne ƙanana-ƙanana idan abu mai tsini ya danne shi a wuri ɗaya, kuma yawanci ba a hanya yake fashewa ba, a lokacin da mai taimako ya ga ƙofa ta ƙi rufuwa ya ƙara mata ƙarfi ne. Idan ƙofa ta ƙi rufuwa da hannu ɗaya a hankali, to kada kowa ya danna ta.

Na ji wani ya ce ka tura kujerar direba gaba. Wannan shawara ban yarda da ita ba ko kaɗan. Direban da gwiwarsa ke dukan sitiyari ba zai iya taka birki da ƙarfinsa duka ba, kuma ƙirjinsa ya matso kusa da jakar iskar da ke cikin sitiyarin, wadda ke fitowa da ƙarfin da zai iya ji masa rauni a irin wannan kusanci. Kujerar fasinja ita ce ake wasa da ita: a cire matashin kanta, a tura ta gaba, ko a kwantar da ita gaba ɗaya idan motar tana ba da dama. Amma wannan yana amfanar abu dogo siriri ne, kamar katakon gefen gado ko ƙofar wadirob, wanda zai bi ta gefe ɗaya ya miƙe har wajen dashbod. Akwati mai faɗin mita 1 ba zai amfana da shi ba, domin rabinsa yana bayan direba.

Saboda haka, ƙanena, amsata ita ce ka kwance shi. Ka cire ƙofofin tukuna, domin su ne masu nauyi kuma su ne ke buɗewa a hanya su karya hinjinsu, sannan ka zare durowoyi da katakon shiryawa na ciki. Sukuru da noti na kowane ɓangare ka zuba su a leda daban, ka manna ledar a jikin katakon da aka cire su daga gare shi, ka kuma ɗauki hoton kowane mahaɗi da wayarka kafin ka kwance. Katakon gefe mai mita 2 da faɗin santimita 60 yana iya shiga wagon, musamman idan an tura kujerar fasinja gaba ko an kwantar da ita, a jera su ɗaya kan ɗaya da bargo ko kwali a tsakani. Bari in gyara wannan maganar kaɗan: idan akwai madubi a jikin ƙofar, wannan ƙofar ba ta shiga jeri a kwance, musamman a ƙarƙashin wasu katakai. A tsayar da ita ne a kan dogon gefenta, a naɗe ta da bargo, a jingina ta da gefen mota a ɗaure, domin gilashi a kwance yana lanƙwasa da kowace gargada har ya tsage. Wani dalilin kwancewar kuma shi ne irin katakon. Idan irin wanda aka matse daga garin katako ne, ƙarfin wadirob ɗin duka yana ga siririn allon bayansa, kuma idan aka murɗa shi wajen cusawa, sukuru zai yago naman katakon ya fito, ramin kuma ba ya sake riƙe sukuru yadda yake a da.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ban ga kowa ya taɓo ba, wato ɗauri. A cikin wagon babu wani shinge tsakanin kaya da ƙeyar direba da zarar an kwantar da kujerun baya. Idan ka taka birki da ƙarfi a kan busasshiyar kwalta, kaya mai kilo 60 yana turowa gaba da ƙarfin da ya kusa kilo 50, wannan birki ne kawai ba a yi karo ba. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma idan gudun ya ninka, ƙarfin yana ninkuwa sau huɗu ne. Katakon da ka jera santsi gare su, kowanne zai zame a kan ɗan'uwansa ya taho. Don haka a fara haɗa su a ɗaure su zama dami ɗaya, a tura damin ya jingina da bayan kujera yadda babu filin da zai ɗauko gudu, sannan a ɗaure shi da bel mai ƙugiya irin wanda ake tamkewa da hannun ƙarfe. Ka ɗaga kafet ɗin but, a kusurwoyi za ka ga zobban ƙarfe, domin wannan aikin aka yi su. Bel ɗaya ya danne kayan ƙasa, ɗaya kuma ya zagayo ta goshinsu ya koma zobban baya, shi ne mai hana su tahowa gaba. Inda bel ya hau gefen katako a sa kwali, kada ya ci fenti.

Roba kuwa, ko ta tsohon tub ce ko mai ƙugiya a kowane baki, ba ɗauri ba ce. Aikinta miƙewa ne, abin da ke miƙewa kuma ba ya tsayar da nauyi, sai dai ya raka shi inda za shi. Ina da takaici a kan wannan. Wani ɗan'uwa ya taɓa aron motata zai ɗauko gado, na ba shi bel biyu a hannunsa na nuna masa zobban, ya ce ya gane. Da ya dawo, bel ɗin suna nan a naɗe yadda na ba shi, roba ya yi amfani da ita wai ta fi sauri. Katakon kan gadon ya zame a wata kwana ya yage yadin rufin motar tun daga fitilar ciki har kusa da madubi, ƙugiyar robar kuma ta tsinke ta kankare wayoyin nan sirara da ke jikin gilashin baya masu kawar da raɓa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne cewar da ya yi wai ai dama rufin a yage yake. Mota tawa, ina shigarta kullum, a ce ban san rufinta ba? Kuma yadin rufi ba a yi masa faci ya yi kyau, sai an sauke allon rufin duka, a cire hannayen riƙo da murafen gefen gilashi, a sake manna sabon yadi. Har yau idan na ɗaga kai ina ganin inda launin ya bambanta. To, a bar wannan, ba shi ka tambaya ba.

Idan ka kafe sai ka ɗauke shi a haɗe, ƙofar but a buɗe za ta tafi, kuma wannan yana da nasa haɗarin. Iskar da ke bayan mota mai tafiya tana juyowa ne ta tsotso hayaƙin salansa zuwa ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci kawai za ka ji. Mutane suna sauke gilasan gefe suna zaton sun yi dabara, alhali hakan na iya ƙara jawo hayaƙin. Abin da littattafan motoci da yawa ke cewa shi ne a rufe gilasai, a saita iskar dashbod ta riƙa shigowa daga waje, a ƙure fanka. A sa tsumma tsakanin ƙofar da kayan, a jawo ta ƙasa da bel yadda ba za ta riƙa tsalle ba, domin tsallen yana lalata hinji da sandunan da ke riƙe ta. A ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya leƙo waje, a tabbata lamba da fitilun birki suna bayyane, tafiyar kuma ta zama gajera. Yawan abin da doka ta yarda ya leƙo ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka duba na inda kake.

Maganar ɗora shi a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, kuwa, rufin yawancin wagon kilo 75 zuwa 100 yake ɗauka har da nauyin kariyar kanta, kuma akwati mai wannan girma yana tare iska yana sa mota tangaɗi a kwana, don haka ba na ba ka wannan shawarar. Nauyi a ciki ba zai dame ka ba da wadirob ɗaya, amma idan za ka haɗa da gado da kujeru, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tanki, ka ƙara wa tayoyin baya iska zuwa adadin da aka rubuta na cikakken lodi. Kada kuma ka ɗauki yaro ko babba a gefen kayan da sunan zai riƙe, babu hannun da zai riƙe wannan nauyin a lokacin birki.

Kafin ka je ɗaukowa, ka turo mini hoton bayan wadirob ɗin da na mahaɗinsa na ciki, in ga ko da sukuru aka haɗa shi ko da ƙusa da gam. Idan sukuru ne, sukundireba da mutum ɗaya mai riƙe maka sun isa. Idan kafinta ya buga ƙusa ya zuba gam, to ba ya kwantuwa sai da ɓarna, kuma a nan ka nemi a-kori-kura ka kwantar da shi a kan bayansa, ƙofofin suna kallon sama.