Ga mai koyon tafiya a kan tayar baya kaɗai: yatsan birki ne ya rage maka

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce tayar gaba tana tashi, amma kafin ka juya feda sau uku ta koma ƙasa, kafaɗunka sun yi tsami, kuma duk sanda ta yi sama sosai sai gabanka ya faɗi ka daina takawa. Kana tambaya ko keken hawan dutsen naka ne bai dace ba, ko kuwa ƙarfi ne ba ka da shi. Ko ɗaya babu a ciki. Na daɗe ina wannan wasa, na kuma tsaya a gefen masu koyo da dama, kusan kowa a nan yake maƙalewa. Har yanzu ba ka amince da birkin baya ba, shi ke nan.

Akwai wani matsayi da idan keke ya kai, nauyinka da nasa sukan hau daidai saman wurin da tayar baya ta taɓa ƙasa. A nan keke ba ya neman komawa gaba, ba ya neman kifewa baya, kan keken ma sai ka ji ya zama sakayau a hannu. Ka taɓa jingina da kujera har ta tsaya a ƙafafunta biyu na baya? To wannan ɗan lokacin da take rawa kafin ta zaɓi inda za ta faɗa, shi ake nema. Kuma yana can sama fiye da yadda zuciyarka take gaya maka. Kai a yanzu ƙasa da shi kake tsayawa, don haka babu abin da yake riƙe tayar a sama sai ƙarin gudu. Kana taka feda, gudu yana ƙaruwa, giyar tana ƙarewa, ƙafafunka suna juyawa a banza, taya ta sauka. Lissafin juyi ukun nan naka ke nan.

Me ya hana ka ƙarasawa sama? Tsoron faɗuwa ta baya, kuma tsoro ne mai hujja, ƙeya ba abin wasa ba ce. Maganinsa birki. Idan ka taɓa birkin baya alhali gaba yana sama, taya takan rage gudu amma jikinka yana nan yana son wucewa, sai gaban keken ya dawo ƙasa. Ko ka ɗan zarce matsayin, taɓawa ɗaya ta isa ta dawo da kai.

Saboda haka a kwanakin farko ka manta da nisa. Da farko ka tabbatar da hannun da birkin baya yake. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai yana dama, a Birtaniya da Ostireliya kuwa yana hagu, ga kuma kekunan da masu su suka sauya da kansu. Kada ka hau keken aro ka ɗauka irin naka ne. Ka ɗora manuniya ɗaya a kan birkin, sauran yatsun su riƙe kan keke. Idan birkin faifai ne mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya wadatar. Na waya wani lokaci sai da biyu. Sai ka ɗaga gaba, kana jin ta tashi ka matsa birki, ta sauka. Ka sake. Ka yi ta yi har ya zamana yatsan yana riga tunaninka. Aikin ba daɗi, na sani, kuma shi ne wanda masu koyo suke tsallakewa.

Na biyu, ka koyi faɗuwar da kake gudu, da gangan. A kan gajeriyar ciyawa, a hankali, ka taka da ƙarfi har keken ya zarce, ka zare ƙafafu daga feda ka dira a tsaye a bayansa, hannuwanka suna riƙe da kansa. Da zarar jikinka ya gane cewa iyakar abin da zai faru ke nan, rabin tsoron ya tafi. Wannan kuwa sai da feda shimfiɗaɗɗiya. Irin wadda takalmi yake maƙalewa a jikinta ka cire ta tukuna, don da ita gadon baya ne zai fara isa ƙasa. Hular kwano ba sai na faɗa ba.

Yanzu ɗagawar kanta. Ciwon kafaɗar da ka ambata ya nuna min da hannu kake fizgowa. Ba hannu ne yake ɗaga keke ba, ƙafa ce da nauyin jiki. Ka taho a hankali, kamar saurin mai ɗan sassarfa, kana zaune a sirdi. Ka bari ƙafarka mai ƙarfi ta zo sama, ta ɗan gota tsakiya, wajen ƙarfe ɗaya a fuskar agogo. Ka sunkuyo da ƙirji wajen kan keke, gwiwar hannu a lanƙwashe. Sai a lokaci guda ka danna fedar da ƙarfi, ka jefa kafaɗu baya har hannuwa su miƙe sambal. Daga nan su zauna a miƙe. Na sha tsayawa a gefe ina kallon mai koyo: taya tana tashi, sai ka ga gwiwar hannunsa ta lanƙwashe, haɓarsa ta leƙo gaba, ya jawo kan keken zuwa ƙirjinsa. Shi a ransa ƙara ɗagawa yake yi, alhali nauyinsa ya mayar gaba, nan take tayar ta faɗo tim. Idan kana da wanda zai ɗauke ka bidiyo daga gefe, ka duba wannan kawai. Za ka ga ma tayar da kake jin ta kai sama ko gwiwa ba ta wuce ba.

Giya tana da muhimmanci. Mai laushi sosai za ta ɗaga ka da sauri amma ta ƙare nan da nan. Mai tauri kuwa ba za ta ɗaga ba sai ka fizga. A kekunan yanzu masu faifan sarƙa ɗaya a gaba, mai haƙora 30 ko 32, da giya 11 ko 12 a baya, ni nakan ce a fara daga ta uku ko ta huɗu idan an ƙirgo daga babban faifan baya, wato giya mafi laushi. Sirdi kuma ka sauke shi kaɗan daga inda kake tuƙin yau da kullum, amma kada ya yi ƙasa can har gwiwoyi su rasa ƙarfin takawa. Idan keken yana da sifirin a baya kuma ana iya kulle shi, ka kulle, don lotsawar da yake yi tana cinye bugun farko. Wuri mafi kyau shi ne fili mai ɗan hawa kaɗan, saboda hawan yana taimaka wa ɗagawa, yana kuma hana gudu ya yi yawa. Ranar da ake iska mai ƙarfi daga gefe, ka huta abinka.

Idan ka fara zama a matsayin nan, aikin ya koma ciniki tsakanin feda da birki. Gaba ya fara sauka, ka ƙara takawa. Ya fara wuce gona da iri, ka shafa birki. Shafawa na ce, ba damƙa ba, kuma kada ka tsayar da ƙafa don kana birki. A nan ne mutane da yawa suke daɗewa: sukan matsa da ƙarfi, gaba ya doki ƙasa. Gwanaye da kake gani suna tafiya a natse, sau da yawa birkinsu yana ɗan goga faifai kusan duk tsawon tafiyar, suna takawa a kansa. Idan ka matso kusa har ɗan kukansa za ka ji.

Karkata gefe ita ce za ta biyo baya, kuma za ta ba ka haushi. Yawanci tun daga ɗagawa take farawa, idan hannu ɗaya ya fi ɗaya ja, ko ka karkata wajen ƙafar da ta taka. Gyaranta da gwiwa ne: keke ya yi dama, ka buɗe gwiwar hagu, ya yi hagu, ka buɗe ta dama. Da wuri ake yi, tun karkatar tana ƙarama, in ta yi nisa sai dai a sauka a sake. Idonka ya kasance can gaba a kan wani abu tsayayye, ba a kan taya ba. Wajen sauka kuma ka tabbata kan keke yana kallon gaba sak, ka sauke shi da birki a hankali. Taya karkatacciya idan ta taɓa ƙasa da gudu, jefar da mutum take yi.

Batun keke kuwa, gaskiya ne akwai bambanci. Mai taya inci 26 ko 27.5, da wanda bayansa gajere ne, sun fi saurin tashi a kan mai inci 29 mai dogon jiki. Amma dogon idan ya hau ya fi zama daram. Ban ga dalilin sauya keke saboda wannan ba. Kuma kada ka haɗa da ɗaya salon da ake yi a tsaye ba tare da taka feda ba, wanda ƙugu ne yake yin aikin duka. Wancan darasi ne daban, ya fi wuya, ka bar shi sai gaba.

Minti 15 zuwa 20 a kullum ya fi awa uku a rana ɗaya, don da gajiya ta shigo yatsa yakan yi nauyi. Wani makonni yake ɗauka, wani watanni, kuma akwai ranakun da za ka ji kamar ka koma farko. A fili za ka yi, ba a titin da motoci suke bi ba. Kafin ka fita gobe ka tura keken da hannu ka matsa birkin baya: idan bai kama taya nan take ba, ko hannun birkin yana zuwa har jikin kan keke, a gyara shi tukuna. Bayan mako biyu ka gaya min ta wane gefe ka fi karkata, da giyar da kake ciki, sai mu ɗora daga nan.