Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan miyar gwangwani

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce maigida ya shigo da miyar gwangwani da biskit na yara daga kanti a Garwa, har da katin nan da ake kankarewa don neman cin kyautar kuɗi, kina neman shawara.

Ki fara duba gwangwanin tun kafin ki buɗe. In murfinsa ya kumbura, ko ya lotsa a bakin haɗi, ko ya yi tsatsa, kada ki ɗanɗana ko da kan cokali. Kumburin nan iska ce da ƙwayoyin cuta ke saki a ciki, kuma gubar wasunsu tana shanye jiki. Na taɓa sayen na tumatir a wani shago cikin zafin Afrilu, ina huda shi ya yi tsartuwa har fuskata, wari ya cika madafa. Ki karanta ranar ƙarewarsa a gindi. In gwangwanin lafiyayye ne kuma kin yi amfani da shi, abin da ya rage ki juye a kwano mai murfi, ki sa a firji.

Babbar damuwata gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, su kuwa waɗannan miyoyi cike suke da shi. Mai hawan jini ya yi hattara. Wallahi miyar kuka ko yakuwa da busasshen kifin Binuwai ta fi mini sau goma.

Biskit ba laifi jefi-jefi, amma gyaɗa da dabino sun fi riƙe cikin yaro.

Katin kuwa caca ne, ki duba Suratul Ma'ida aya ta 90. Ki lallaɓa maigida cikin hikima ya bari, tun bai fara taɓa kuɗin cefane ba.