Tambaya da Amsa: Wane jirgin ruwa ne ya fi kowanne girma a duniya?

Wasiƙu huɗu ne suka zo a kan jiragen ruwa, saboda haka na haɗa su wuri ɗaya. Ta farkon ce ta fi cin wuri, masu sauran su yi haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokina. Shi ya dage cewa har gobe ba a ƙera jirgin ruwan da ya kai Titanic girma ba, ni kuwa na ce an yi waɗanda suka fi shi. Don Allah a raba mana gardama, a kuma faɗa mana wanda ya fi kowanne. (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kai ke da gaskiya, kuma da rata mai yawa. Titanic ya yi sarautarsa a 1912, lokacin babu kamarsa, amma tsawonsa mita 269 ne kawai. Nutsewar da ya yi a tafiyarsa ta farko ce ta sa sunansa ya zauna a bakin mutane, ba girmansa ba. A yau ko cikin jiragen fasinja ba zai shiga sahun gaba ba. Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Finland ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa a 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya kwasar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000, kuma faɗin cikinsa ya ninka na Titanic wajen sau biyar.

Sai dai kafin ka je ka yi wa abokin naka dariya, ka san cewa rabi na biyu na tambayarka ba shi da amsa ɗaya. Masu harkar jiragen ruwa suna auna girma ta hanyoyi dabam-dabam: akwai tsawo, akwai nauyin kayan da jirgi zai iya ɗauka, akwai nauyinsa gaba ɗaya idan an cika shi, akwai kuma faɗin sararin da ke cikinsa. Jirgin da ya zo na ɗaya a wannan ma'auni yana iya zuwa na biyar a wancan. Amma idan aka matsa mini in kama suna ɗaya, zan ce Seawise Giant.

Jirgin dakon ɗanyen mai ne, kamfanin Sumitomo na Japan ya kammala shi a 1979. Wani attajiri ɗan ƙasar Girka ne ya ba da aikin, da aka gama ya ƙi karɓa. Daga baya C. Y. Tung, hamshaƙin mai jiragen ruwa na Hong Kong, ya saye shi, ya kuma ga cewa bai yi masa girma ba. Sai aka yanka jirgin biyu, aka cusa masa wani sabon sashe a tsakiya, aka sake haɗe shi. Ya fito da tsawon mita 458, yana ɗaukar kayan da suka haura tan 564,000, wato ɗanyen mai sama da ganga miliyan 4 a tafiya ɗaya. Idan an cika shi maƙil, nauyinsa da na kayansa ya kan kai tan 657,000, Titanic goma sha biyu ke nan da ɗoriya. Mutum mai tafiya da ƙafa zai ci minti biyar ko shida daga goshinsa zuwa bayansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sha'aninsa shi ne tsayawa. Jirgin ruwa ba shi da birki. Idan Seawise Giant yana cikin gudunsa ɗauke da kaya, kyaftin ya ba da umarnin a tsaya, sai ya ci kusan kilomita 9 kafin ya tsaya cik. Juyawa kuwa tana buƙatar fili mai faɗin kilomita 3. Kuma idan ya yi lodi, mita 24 da rabi na jikinsa suna cikin ruwa, wanda hakan ya hana shi bi ta mashigin Suez, da na Panama, har da ruwan da ya raba Ingila da Faransa.

Ya ga rayuwa. A watan Mayun 1988, ana tsakiyar yaƙin Iran da Iraƙi, jiragen saman Iraƙi suka yi masa ruwan bama-bamai kusa da tsibirin Larak a mashigin Hormuz, yana ɗauke da man Iran. Wuta ta cinye shi har aka fitar da rai. Bayan yaƙi wasu 'yan Norway suka sayi gawar, aka ja ta zuwa Singafo aka gyara, ya dawo aiki da suna Happy Giant, sannan Jahre Viking a 1991. A 2004 aka sauya masa suna zuwa Knock Nevis, aka ɗaure shi a tekun Katar ya zama ma'ajiyar mai, ba ya zuwa ko'ina. Tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Alang ce a Indiya, inda aka tura shi kan yashi, masu yankan ƙarfe suka yi ta ɓamɓarar sa har ya ƙare a 2010. Angarsa, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan teku don riƙe jirgi wuri ɗaya, mai nauyin tan 36, ita ce aka keɓe aka kai Hong Kong don tarihi. Har yau ba a sake ƙera jirgi mai tafiya da injinsa da ya kai shi tsawo ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙusa idan aka jefa ta a ruwa nutsewa take yi, to ta yaya ƙarfe mai dubban tan yake yawo a saman teku? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: 'Yata, tambayarki ta fi ƙarfin shekarunki. Ruwa yana tura duk abin da ya shige shi zuwa sama, kuma ƙarfin turawar daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture gefe. Wani masani ɗan Girka, Archimedes, ya bayyana wannan sama da shekara 2,000 da suka wuce. Ƙusa curarren ƙarfe ce, ruwan da take turewa bai kai nauyinta ba, sai ta yi ƙasa. Ki ɗauki kwanon ƙarfe ki ɗora a kan ruwa: ya fi ƙusar nauyi nesa ba kusa ba, amma zai zauna, saboda cikinsa fanko ne, yana ture ruwa mai yawa. Ki riƙa zuba tsakuwa a ciki, za ki ga yana ƙara nitso kaɗan-kaɗan, har ruwa ya kai bakinsa ya shiga. Jirgi ma haka yake. Shi ya sa idan aka ce nauyin jirgi tan 657,000 ne, ana nufin ruwan da ya ture ya kai wannan nauyin.

In kin taɓa ganin hoton babban jirgi daga gefe, ki duba tsakiyarsa, akwai wani da'ira da layi ya ratsa, da wasu gajerun layuka a kusa. Wannan ita ce alamar iyakar lodi. An tilasta ta a Birtaniya a 1876 bayan fafutukar wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, wanda ya gaji da ganin masu jirage suna jibga kaya fiye da ƙima, jirgi ya nutse da matuƙa, su kuma su karɓi kuɗin inshora. Layukan sun zama da yawa ne domin ruwan gishiri ya fi ruwan kogi nauyi, ruwan sanyi kuma ya fi mai ɗumi. Jirgin da ya bar teku ya shiga kogi zai ƙara nitso ba tare da an ƙara masa ko buhu ɗaya ba.

Tambaya: Tunda fasaha kullum gaba take yi, me ya hana a ƙera jirgin da ya fi na shekarun baya? Ko ƙwarewar ce ta ragu? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, ƙwarewa ba ta ragu ba, ta ma ƙaru. Masu ƙera jirage a Koriya ta Kudu, Sin da Japan za su iya yi gobe idan an biya su. Mai saye ne babu.

Ka duba abin da ya haifi waɗannan ƙattai tun farko. A 1967 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, aka rufe mashigin Suez, bai buɗe ba sai 1975. Duk man da za a kai Turai daga yankin Gulf sai an zagaya da shi ta ƙarshen kudancin Afirka. Tafiya ta yi nisa, kuma a doguwar tafiya babban jirgi ya fi riba: idan ka ninka kaya, ba ka ninka ma'aikata ba, ba ka kuma ninka man da injin zai sha ba. Sai aka shiga rige-rigen girma. Faransa ta ƙera guda huɗu a Saint-Nazaire tsakanin 1976 da 1979, kowanne mita 414, yana ɗaukar wajen tan 550,000. Amma kafin su sauka ruwa kasuwa ta juya. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, buƙata ta ja baya, Suez ya buɗe, tashoshin da za su iya karɓar irin waɗannan jirage kuma 'yan ƙalilan ne. Ɗaya daga cikin huɗun, Pierre Guillaumat, an gama shi a 1977, a 1983 an riga an sayar da shi ga masu yanka. Shekara shida kacal.

Yanzu manyan jiragen dakon mai sun tsaya a wajen mita 330 da ganga miliyan 2, domin shi ne girman da tashoshi da mashigai suka yarda da shi. Na dakon kwantena kuwa sun ci birki a mita 400. MSC Irina, wanda aka ƙera a Sin a 2023, yana ɗaukar ƙananan kwantena 24,346, amma bai ƙetare wannan tsawon ba. Faɗi da tudun lodi ake ƙarawa. In ka tuna cewa ɗaya daga cikin jiragen kwantena na farko, Ideal X, guda 58 ya ɗauka a 1956, za ka ga ba a zauna wuri ɗaya ba.

Ko wannan girman ma yana da haɗarinsa. A ranar 23 ga Maris 2021, Ever Given, shi ma mai mita 400, ya karkace a mashigin Suez cikin iska mai ƙarfi, goshinsa ya kafe a gaɓa ɗaya, bayansa a ɗayar. Kwana shida hanya a toshe, jirage sama da 400 suna jira. Wanda ya ga hoton nan na motar haƙa ƙasa tana ƙwaƙular yashi a gindin goshin jirgin, ita kuma ko rubutun da ke jikinsa ba ta kai ba, ya san abin da ake nufi da girma. Sai da aka yashe ƙasa mai ɗimbin yawa, jiragen ja suka taru, aka kuma jira cikar teku, sannan ya motsa. Ni a ganina an kai inda ya kamata a dakata. Ribar girman jirgi mai jirgin ke ci, amma yashe mashigi da sayen dogayen ƙugiyoyin sauke kaya a kan tashoshi da gwamnatoci yake faɗawa.

Tambaya: A cikin waɗanda ke aiki yanzu, wanne ne ya fi nauyi? Na ji an ce jirgin yaƙin Amurka ne. (Daga wani mai karatu)

Amsa: Ba shi ba ne, Malam. USS Gerald R. Ford, mai ɗaukar jiragen sama, wanda ya shiga aiki a 2017, shi ne kan gaba a jiragen yaƙi: mita 337, wajen tan 100,000, yana tafiya da makamashin nukiliya. Amma jirgin Valemax ɗaya, irin waɗanda ke kwasar tama daga Brazil zuwa Sin, kayan da yake ɗauka kaɗai sun ninka nauyin jirgin yaƙin sau huɗu. Jirgin yaƙi gudu da ƙarfi yake nema, ba lodi ba.

Biyu ne ke takarar nauyi a yau. Na farko Pioneering Spirit na kamfanin Allseas, wanda aka ƙera a Koriya ta Kudu. Tsawonsa mita 382, amma faɗinsa mita 124, kuma gabansa a rabe yake gida biyu da rata a tsakiya. Aikinsa girke dandamalin haƙar mai a teku ko cire shi. Yakan matso har dandamalin ya shige cikin ratar, ya sha ruwa a tankunansa ya yi ƙasa, ya zura manyan hannuwan ƙarfe ƙarƙashin ginin da aka riga aka yanke ƙafafunsa, sannan ya ɗaga shi ɗungurungum. Haka ya yi wa saman dandamalin Brent Delta mai tan 24,000 a Tekun Arewa na Turai a 2017. Idan ya sha ruwa iya shansa, nauyinsa yana dosar tan miliyan ɗaya, kuma a ma'aunin faɗin ciki babu jirgin da ya kai shi.

Na biyu Prelude na kamfanin Shell, da ke zaune a tekun arewa maso yammacin Ostireliya. Tsawonsa mita 488, ya ɗara Seawise Giant da mita 30, nauyinsa idan ya cika wajen tan 600,000. Yana zuƙo iskar gas daga ƙarƙashin teku, ya sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili har ta zama ruwa, wasu jirage su zo su kwasa. Wasu na sa shi a saman jerin jirage. Ni ba na sa shi. Ba ya iya tafiya da kansa, janyo shi aka yi daga Koriya a 2017, aka ɗaure shi da sarƙoƙi 16 a ƙasan teku da niyyar ya shekara ashirin ko fiye a nan. Masana'anta ce a kan ruwa. In dai jirgi kake tambaya, mai matuƙi da inji, wanda zai tashi daga wannan teku ya tafi wancan, Pioneering Spirit ne amsarka.