Tambaya da Amsa: Makarantun likitanci sun ƙi ɗaukata, makina kuma sai ƙasa yake yi, in sake nema bana?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni a Amurka nake, shekarata 23, ina da girin kad wato takardar izinin zama na dindindin, bara na gama digirin farko a bayoloji, kuma tun ina ƙarama ba ni da wani buri sai zama likita. Na nemi makarantu 18 ta AMCAS, wato cibiyar da ake tura fom ɗin neman makarantun likitanci ta hannunta, amma ban tura fom ba sai watan Agusta saboda ina jiran sakamakon MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, na samu 506. Guda ɗaya ce ta kira ni intabiyu, ita ma a watan Maris ta turo cewa ba ta ɗauke ni ba. Abin da ke cin raina shi ne makina, shekarar farko GPA ɗina wato matsakaicin makina 3.8, ta biyu 3.6, ta uku 3.2, ta ƙarshe 2.9. A shekara ta uku ne Mama ta kwanta rashin lafiya, ni ke jinyarta ni ke kai ta asibiti ga aikin dare da na kama don a rufa asiri, wallahi wani lokacin a aji nake barci. Yanzu alhamdulillahi ta warware. Baba ya ce da zarar an buɗe bana in sake turawa, in ƙara makarantun su kai 30, wai rabo ne bai zo ba. Ni kuma tsoro nake ji. Ya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba na so ki riƙa kallon shekarun nan biyu kamar wani abin kunya.

Amsata a taƙaice ita ce a'a, kar ki tura bana. Na san da nauyi, kuma na san Baba alheri yake nufi, amma ki duba, me ya canja a takardunki daga Agustan bara zuwa yau? Maki ɗaya, MCAT ɗaya, labari ɗaya. In kika ɗauki fayil ɗin da makarantu 18 suka gani suka ajiye kika miƙa wa 30, abin da kika ƙara kawai kuɗin fom ne, kuma duk makarantar da kika taɓa nema ta san ke mai dawowa ce, da yawansu ma a fom na biyu da makarantar da kanta ke turo wa mai nema sukan tambaya kai tsaye, me kika gyara tun zuwanki na farko? In ba ki da amsar wannan tambayar to lokacin turawa bai yi ba.

Kuma ki san ba ke kaɗai ba ce. Kowace shekara mutum sama da dubu 50 ke neman makarantun MD, wato digirin likita da aka fi sani, a Amurka, waɗanda ke shiga ba su kai rabi ba. Da yawa cikin likitocin da kike gani a asibiti sai a karo na biyu suka samu.

Bari mu zauna kan makin nan don shi ne asalin ciwon. In kin ɗauki kiredit daidai wa daida a shekaru huɗun, jimillar GPA ɗinki tana wajen 3.38. Waɗanda ake ɗauka a makarantun MD a 'yan shekarun nan matsakaicinsu ya haura 3.7, to kin ga akwai tazara. Amma wallahi jimillar ba ta dame ni kamar gangaren ba. AMCAS ba lamba ɗaya take miƙa wa makaranta ba, tana rarraba makin shekara-shekara, sannan ta ware na darussan kimiyya wato bayoloji da kemistiri da fizis da lissafi daban, to mai duba fayil a kallo ɗaya zai ga 3.8 ta gangaro ta zama 2.9, kuma a daidai lokacin da darussa suka fara tauri. Abin da zai zo masa a rai shi ne yarinyar nan da karatu ya yi nauyi sai ta durƙushe, alhali karatun likita ya ninka wannan nauyi. Ke da ni mun san ba haka ba ne, mun san Mama ce a kwance. Shi bai sani ba, kuma ko kin faɗa masa ya tausaya, abu na ƙarshe da yake gani a takarda 2.9 ne. Wanda ya fara da 2.9 ya ƙare da 3.8 jimillarku ɗaya da shi amma ya fi ki samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake cewa bayani ba ya goge maki, sabon maki ne ke rufe tsoho. Ki koma aji. Akwai karatun gyara bayan digiri da suke kira pos-bak, wasu jami'o'i na da tsararren shiri, amma kina iya haɗa naki da kanki, ki yi rajista a jami'ar jiharku ki ɗauki manyan darussan kimiyya irin su fiziyoloji, bayokemistiri, jenetiks, imunoloji, maikurobayoloji, musamman waɗanda ba ki taɓa ɗauka ba. Waɗanda kika samu ƙasa da C a cikin darussan da ake sharɗantawa su ne dole ki maimaita, amma ki sani maimaitawa ba ta share tsohon maki, AMCAS duka biyun take lissafawa, AACOMAS ma, takwararta ta makarantun DO wato ɗayan digirin likita da ake bayarwa a Amurka, ta daina musanya tsohon maki da sabo tun 2017.

Ga lissafin don kar ki yi tsammanin abin da ba zai yiwu ba. Kina da kiredit kamar 120. In kika ƙara 30, wato shekara guda cikakkiya, kika cinye A a duka, jimillar daga 3.38 zuwa 3.5 kawai za ta kai. Kin ga lambar a hankali take motsi. Amma makin pos-bak layinsa daban yake fitowa a fom, to mai dubawa zai ga 2.9 sannan a ƙasanta ya ga 3.9 ko 4.0 a darussa masu tauri zango biyu a jere, wannan ne zai sa ya yarda da labarin jinyar. Sharaɗin shi ne kar ki koma aji da aikin daren nan a wuyanki. In dole sai kin yi aiki to ki rage darussan, ki ɗauki biyu ko uku a zango ko da abin zai kai shekara ɗaya da rabi, don B da C a pos-bak sun fi rashin zuwa illa, tabbatar musu da zarginsu za ki yi da hannunki.

Za ki ji ana maganar mastas na musamman, SMP, inda a wasu makarantun ake zama aji ɗaya da ɗaliban likitanci 'yan shekarar farko. Yana taimakon wasu, amma akwai tsada sosai, makinsa ba ya shiga GPA na digirin farko, kuma in aka faɗi a can kusan an rufe ƙofa ke nan. Ni ban ga kin kai buƙatarsa ba tukuna.

MCAT kuma, makinta daga 472 ne zuwa 528, matsakaicin waɗanda ke shiga MD yana wajen 511 zuwa 512. 506 ba faɗuwa ba ce amma ba za ta ɗauki nauyin makin da ya gangara ba. In MD kike hari ki sake ta, sai dai ba yanzu ba, bayan kin gama darussan nan da za su ƙarfafa ki, kuma kar ki shiga ɗakin jarrabawa sai gwaje-gwajen da kike yi a gida sun riƙa ba ki 511 ko sama sau da yawa a jere. Makarantu na ganin duk zaman da kika yi, ga iyaka, sau 3 a shekara, sau 4 a shekara biyu a jere, sau 7 a duk rayuwa. Ki kuma lura da yawan makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu ko uku, to ki duba ranar taki.

Wani abu da ban gani a wasiƙarki ba shi ne DO. Ban ga dalilin da zai sa ki tsallake su ba. Likitoci ne cikakku a Amurka, suna rubuta magani suna tiyata, tun 2020 ma tsarin horon ƙwarewa na bayan makaranta ya zama ɗaya da na MD, kuma 506 ɗinki ba ta ƙasa a wajensu. Mutanenmu da yawa na raina su don haruffan ba su saba da kunne ba, majinyaci kuwa ba haruffa ya zo nema ba. Makarantun tsibiran Karebiyan da za su riƙa turo miki saƙo yanzu, ki dakata da su, shiga da sauƙi amma masu faɗuwa a hanya da yawa ga bashi, samun gurbin horo a Amurka kuma ya fi wuya.

Sai Agustan nan da kika tura, shi ma ya cuce ki. Ana buɗe AMCAS a farkon Mayu, a fara karɓa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, tantance takardu na iya cin makonni, yawancin makarantu kuma wanda ya riga zuwa shi ake fara dubawa ana raba guraben intabiyu tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, shekarar da za ki nema ki tabbata MCAT na hannu, wasiƙun shaida na hannu, ki tura a makon farko, ki kuma fara da makarantun gwamnati na jihar da kike zaune don sun fi fifita 'yan jiha.

Maganar Mama ki faɗe ta a rubutun bayanin kanki da ake haɗawa da fom, amma layi uku ko huɗu, abin da ya faru, abin da ya jawo wa karatunki, da yadda kika tsara rayuwarki yanzu. Kar ki yi ta ban haƙuri kuma kar ki sake tura tsohon rubutun. In za ki canja aiki ki nemi na asibiti ko gidan kula da tsofaffi inda za ki riƙa taɓa majinyata, ki samu sabuwar wasiƙar shaida daga malamin da ya koyar da ke a pos-bak. Makarantar nan da ta kira ki intabiyu ki rubuta musu cikin ladabi ki tambaya ko suna ba waɗanda ba a ɗauka ba shawara, wasu na yi, kuma kiran da suka yi miki da wannan makin ya nuna akwai abin da suka gani.

Shi kuma Baba kar ki je masa da "ba zan nema ba" kawai, zai ɗauka kin karaya ne. Ki zauna da shi da takarda, ki nuna masa lambobin nan huɗu yadda suka gangaro, ki nuna masa darussan da za ki ɗauka daga Agusta da watan da za ki sake MCAT da watan Yunin da za ki tura. In kin gama zangon farko ki rubuto min in ji abin da kika samu.